Ranar da Na Koya wa 'Yan Malesiya Wasan Bolin

Mu malaman Fiziks muna da wani ciwo da ba mu cika faɗa wa mutane ba: duk abin da ke motsi a duniyar nan gani muke namu ne. Mota ta sha kwana, mu muka san dalili. Mangwaro ya faɗo daga bishiya, mun riga mun lissafa gudunsa kafin ya taɓa ƙasa. Saboda haka in aka ce mana ga wani wasa da babu komai a cikinsa sai ƙwallo mai gangarawa da 'yan katakai masu faɗuwa, ba ma jin an gayyace mu wasa, ji muke an kawo mana takardun jarrabawa mu duba. Ni nawa ciwon ya ma fi na kowa tsanani, domin shekarun da na kwashe ina rubuta dokokin Newton a kan allo sun sa na fara jin cewa da hannuna a cikinsu.

Lokacin ina Malesiya ne neman digiri na uku, irin tafiyar nan da malaman jami'o'inmu da yawa suka yi. Abin da ban tsaya na lura da shi ba shi ne, mutanen ƙasar ba sa wasa da wasan bolin. Manyan kantunan Kuala Lumpur da yawa in ka hau benen sama za ka ji rugugin ƙwallaye, ma'aikatu suna shirya gasa a tsakanin ma'aikatansu, kuma ƙasar ta fitar da zakaru irin su Shalin Zulkifli, da Rafiq Ismail wanda ya ci kambun duniya na 'yan wasa ɗai-ɗai a Hong Kong a 2018. A tsakiyar irin waɗannan mutane ne aka liƙa takarda a tsangayarmu cewa za a yi gasar shekara, malamai da ɗalibai da ma'aikata, mutum huɗu-huɗu. Na karanta, na zaro biro, na rubuta sunana a layin farko. Wani abokina Bazazzagi da ke sashen Kemistiri, wanda Allah ya haɗa ni da shi a ƙasar don ya zame mini jarrabawa, ya tambaye ni ko na taɓa riƙe ƙwallon. Na ce masa, “Malam, wanda ya san lissafin abu ai ba sai ya taɓa riƙe shi ba.” Ya ce, “To, Bakano, Allah ya kai mu.”

Ga yadda fagen yake ga wanda bai taɓa gani ba. Wata doguwar shimfiɗa ce mai sheƙi, ƙafa 60 daga layin da ba a tsallakewa zuwa abin bugu na farko, wato mita 18 da ɗoriya. Faɗinta mita ɗaya da kaɗan, an raba shi zuwa siraran falankai 39. Dama da hagu akwai kwata guda-guda, ku riƙe wannan, za mu dawo kanta. A can ƙarshe an tsayar da katakai goma masu siffar kwalba, kowace tsawonta inci 15, nauyinta kilo ɗaya da rabi da 'yan kai, an jera su ɗaya a gaba, biyu a bayanta, sai uku, sai huɗu, da tazarar inci 12 tsakanin kowace da maƙwabciyarta. Kowace da lambarta: ta gaba ita ce 1, ta kusurwar hagu a can baya 7, ta kusurwar dama 10. Ƙwallon kuwa doka ta ce kada ya wuce laba 16, kilo bakwai da kwata ke nan.

Da muka je gwaji, tun kafin in gama ɗaura igiyar takalmin haya, mai rabi ja rabi shuɗi, mai ɗumin ƙafar wanda ya cire shi yanzu-yanzu, na riga na gama warware wasan a kaina. Nauyi sau gudu. Ka ɗauki ƙwallon da ya fi nauyi, ka jefa iya ƙarfinka, ka daki kwalbar gaba a tsakiyar ciki, sauran su bi ta. Yaron da ke ba da takalma ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yawanci ana ɗaukar ƙwallon da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikin mutum ba. Ni kuwa in aka ɗora ni a sikeli da takalmi da hula da wayoyina biyu a aljihu, da ƙyar in taɓa kilo 60. Ya nuna mini mai laba 12. Na yi masa irin murmushin da nake yi wa ɗan aji ɗaya in ya yi tambayar yarinta, na ce ya nuna mini inda na manya suke.

Jifan farko kwata ta karɓa tun kafin ƙwallon ya yi rabin hanya. Na ce hannu ne bai ɗumama ba. Na gaba ma kwata, amma ta hagu, don kada ta ce an yi mata rashin adalci. Can dai Allah ya taimake ni na samu abin da nake nema: ƙwallon ya tafi ɗoɗar, ya daki kwalbar gaba a tsakiyar cikinta, aka ji ƙara har mutanen layin kusa suka waiwayo. Na juya baya ban ko tsaya kallo ba, don na ga haka gwanaye suke yi. Bazazzagin ya nuna mini bayana da leɓe. Na waiga. Ga 7 can a kusurwar hagu, ga 10 can a kusurwar dama, tsaye ƙyam, da fili fetal a tsakaninsu wanda ƙwallona ya share ya wuce. A duk wasan wannan tana cikin ragowar da suka fi wuyar kwashewa, ni kuwa na same ta da gumina, bisa tsari. Allon makin da ke sama ya saki wani zanen barkwanci na kwalabe biyu suna gwalo.

Mai hankali daga nan zai nemi wanda ya iya ya ce a koya masa. Ni da na koma gida sai na buɗe kwamfuta. Na ajiye babin da mai duba aikina yake jira, na shiga karatun bolin ba dare ba rana, kuma wallahi abin da na tarar ya burge ni, wanda shi ne ya ƙarasa hallaka ni. Ashe a Arlington ta jihar Texas, hukumar wasan ta Amurka tana da ɗakin gwaje-gwaje sukutum, har da mutum-mutumin ƙarfe mai suna E.A.R.L., wanda aka raɗa wa sunan don girmama gwanin nan Earl Anthony, aikinsa kawai ya yi ta jefa ƙwallo iri ɗaya sak ana aunawa. Ashe a bugun da ya fi kowane kyau, ƙwallon kwalabe huɗu kacal yake taɓawa. Ga mai jifa da dama, yana shiga ne tsakanin 1 da 3, gurbin da 'yan wasa ke kira aljihu. Ya taɓa 1, ita ta tafi ta ture 2, 2 ta ture 4, 4 ta ture 7. Ya taɓa 3, ta ture 6, 6 ta ture 10. Ya kutsa ciki ya sami 5, ita ta kwashe 8, shi kuma ya ƙarasa da 9. Shida daga cikin goma 'yan'uwansu ne ke kayar da su. Aikin ƙwallo shi ne ya aika kowace inda ya kamata ta je. Wanda ya daki 1 a tsakiyar ciki, irina, ya huda tsakiya ne kawai ya fice, 2 da 3 suka fantsama gefe ba su ɗauki kowa a kusurwa ba.

Sai kuma maganar kusurwar shiga, wadda ita ce ta hana ni barci. Lokacin da ƙwallo ya daki kwalbar gaba ta gefen damanta, ita ma tana tura shi, dokar Newton ta uku ke nan, wadda na fi jin daɗin koyarwa. Turin yana karkatar da shi dama. In miƙe ya zo, sai ya kauce ya kasa isa ga 5 da ƙarfi, 3 kuma ta tafi baya maimakon gefe, ta ɗan shafi 6, ita kuma 6 ta faɗa kwata ta kwanta a gaban 10 ba ta taɓa ta ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi bugu mai kyau a ido amma 10 ta tsaya ita kaɗai tana masa kallon raini. Maganin abin shi ne ƙwallon ya shigo aljihu yana kan hanyarsa ta zuwa hagu, yadda ko an ture shi zai ci gaba da kutsawa. Gwaje-gwajen hukumar sun nuna cewa kusurwar da ta kai digiri 6 ita ce ta fi faɗaɗa wa mutum aljihun, ko ya ɗan kuskure kwalaben su zube. Na ɗauki takarda na lissafa: ko da mutum ya tsaya a bakin kwatar dama ya jefa miƙe, tsawon ƙafa 60 da ƙarancin faɗin layin ba za su bar shi ya kai ko digiri 2 ba. To ta ina sauran za su fito? Dole ƙwallon ya sha kwana a hanya.

A nan ne mai ya shigo. Shimfiɗar nan mai sheƙi ba a bushe take ba. Wata na'ura tana bi ta shafa mata mai a kusan ƙafa 40 na farko, ɗan kaɗan ne, duka-duka bai wuce babban cokali biyu ba, ido ba ya ganinsa. Asali don kare katako aka fara shafa shi, daga baya ya zama shi ne rabin wasan. Ƙwallon da aka saki yana juyi ta gefe, a kan man nan sulɓewa kawai yake yi, juyin bai da abin kamawa. Da ya fita daga mai ya taka busasshen wuri, sai gogayya ta ninka sau da yawa, juyin ya ciji ƙasa, ƙwallon ya lanƙwaso. Daga nan sai sulɓin ya ƙare gaba ɗaya, ya koma mirgina zalla, ya miƙe a sabuwar hanyarsa ya shiga aljihu. Sulɓi, kwana, mirgina, duk a cikin sakan biyu da 'yan kai. Har na gano cewa Bafaranshen nan Coriolis, wanda muke koyar da sunansa a darasin juyawar duniya, ya rubuta littafi a 1835 a kan wasan biliyad, inda ya nuna irin bakan da ƙwallo mai sulɓi da juyi yake zanawa kafin ya miƙe. Da na ga sunan Coriolis sai na ji ai gida na zo. Na tashi tsakar dare na sake fitar da lissafin nan da muke ba ɗalibai, cewa ƙwallon da aka tura ba juyi sai gudunsa ya ragu zuwa kashi biyar cikin bakwai kafin ya fara mirgina sosai. Na tashi maiɗakina na nuna mata. Ta ce, “Malam, asuba ta yi ne?” Na ce a'a. Ta juya.

Akwai wani sashe da na riƙa tsallakewa a duk abin da na karanta, wanda ke magana a kan irin fatar ƙwallo da abin da ke cikinsa. Na ɗauka surutun 'yan kasuwa ne. A lissafina ƙwallo ƙwallo ne, dunƙulalle, nauyinsa a rarrabe daidai ko'ina, kamar yadda muke rubutawa a farkon kowace tambayar jarrabawa.

Ana jibi gasa na tara 'yan ƙungiyata a shagon shayin da suke kira mamak. Mu huɗu ne: ni, da Bazazzagin, da wani Basine mai kula da ɗakin gwaje-gwajenmu wanda ba ya magana sai dole, da sakatariyar sashenmu, wata dattijuwar Bamalaya mai lulluɓi da tabarau, ta kusa ritaya, kowa Kak yake ce mata, wato Yaya. Na jawo takardar goge hannu na zana musu layi da kwalabe da kibiyoyi. Na yi musu bayanin digiri 6. Na yi musu bayanin Coriolis. Na juya musamman wajen Kak, na sassauta murya, na ce kada ta damu in ba ta gane duka ba, ita dai ta yi ƙoƙari kada ƙwallonta ya faɗa kwata, sauran makin ni zan kawo. Ta saurare ni har ƙarshe tana gyaɗa kai, ta ce, “Masha Allah, ƙanena.” Ita ta biya kuɗin shayin ma.

Ranar gasa na sa rigar ƙungiya a kan wandon shaddata, na kafa hular zanna, na zo da iyali. Na damƙa wa maiɗakina waya na ce ta ɗauki kowane jifa nawa, domin in mun koma gida zan yi amfani da hoton in koyar da ɗalibai. Ku lura, ni da bakina na ce a ɗauka. 'Yarmu ƙarama aka kai ta layin yara, inda ake tayar da shinge a bakin kwata, a ba yaro wani ɗan gangare ya ɗora ƙwallo ya tura. Muna zaune sai ga Kak tana jan wata jaka mai taya. Ta zuge ta. Ƙwallaye biyu, takalminta na kanta, wani ƙarfen ɗaure wuyan hannu, da tawul da aka yi wa aikin sunanta da zare. Na ji wani abu ya motsa a cikina, amma na ce wa kaina kayan aiki ba shi ne ilimi ba.

Ta tashi, ba gudu ba gaggawa, taku huɗu, ta saki ƙwallon a hankali har na ji tausayinta. Ya nufi kwatar dama kai tsaye. Na buɗe baki zan ce mata ba komai, sai na ga ya tsaya da faɗuwa, ya yi jim a bakin kwatar, ya juyo, ya shigo tsakanin 1 da 3. Ba wata ƙara mai tsanani. Kwalaben ba su tashi sama ba, kwanciya suka yi suna share juna a ƙasa, kafin ka ce kwabo wurin ya zama wayam. Ta dawo ta ɗauki tawul tana goge ƙwallon. Sulɓi, kwana, mirgina, ga su nan na gani da idona, a hannun matar da na ce kada ta damu in ba ta gane ba. Basinen kuma da ya tashi sai ya yi abin da babu shi a takardar goge hannuna sam: ƙwallo mara nauyi, ya murɗa shi yana juyi a tsaye, salon da 'yan Taiwan suka shahara da shi tun shekarun 1980, ana ce masa helikwafta. Shi karkacewar da nake ta gargaɗi a kanta ita yake nema da gangan, ƙwallon ya daki 1 ya gangara gefe yana tura kwalabe cikin 'yan'uwansu. Su ma suka zube. Bai ce komai ba, ya zauna.

Ni kuwa na ɗauko mai laba 16 na haya, na zura yatsu har gaɓa ta biyu, na tashi in samar da digiri 6. Na murɗa wuyan hannu iya ƙarfina lokacin saki. Wani abu ya ce ƙas a gwiwar hannuna. Ƙwallon ya tafi yana juyi gwanin sha'awa, na bi shi da ido ina jiran ya fita daga mai ya sha kwana. Ya fita daga mai. Bai sha komai ba. Yadda na nufa shi da bakin kwata, haka ya cika alkawari. Na ce juyin ne bai isa ba, na ƙara. Kwata. Na ce gudu ne ya yi kaɗan, na ƙara, har allo ya nuna na zarce abin da gwanaye ke yi, su da ke saki a wajen kilomita 34 a awa ƙwallon ya isa kwalabe a wajen 27. Na manta cewa ni da kaina na karanta cewa gudu in ya yi yawa ƙwallo ba ya samun lokacin kama ƙasa, kwalaben kuma sama suke tashi su faɗa rami ba su taɓa kowa ba. In na yi sa'a na samu uku ko huɗu, sai wata ta tsaya tana rangaji. Na san sai ta karkata kusan digiri 10 kafin ta faɗi, na san ba ta kai ba, amma hakan bai hana ni buga ƙafa a ƙasa ina hura mata iska daga nisan mita 18 ba. Babban yatsana ya kumbura ya fara maƙalewa a ramin. Daga layin yara ina jin muryar 'yata tana ihu, “Abba, na kayar da bakwai!”

Kak ce ta gaji da gani. Ta kira ni gefe, ta ɗora mini ƙwallonta a cinya kafin ta goge. Ta ce in duba. A jikinsa akwai wasu siraran zobba na mai, a jere, kowanne ɗan nesa kaɗan da ɗan'uwansa, sun buɗe kamar an zana su da gangan. Ta ce a cikin ƙwallon akwai wani curi mai nauyi wanda ba dunƙulalle ba ne, shi ke sa ƙwallon ya riƙa sauya inda yake juyawa a kai yana tafe, saboda haka duk juyi sabon wuri busasshe ne ke taɓa ƙasa. Fatarsa kuma irin wadda aka fara yi a farkon shekarun 1990 ce, mai ƙananan ƙofofi da ke shanye mai, shi ya sa take gogewa. Ramukan an huda su ne daidai hannunta, kan yatsu kawai ke shiga, don su fizgi ƙwallon lokacin fita. Sannan ta ƙwanƙwasa nawa da farce. “Wannan roba ce mai sulɓi, ƙanena, don ya tafi miƙe aka yi shi. Ko ni ina da irinsa, ga shi nan, da shi nake ɗauke 10 in ta rage. Ko za ka karya hannunka ba zai juyo ba.” Ta ce in daina kallon kwalabe, in kalli kibiyoyin da aka zana a ƙasa kusa da ni, in bi ta kan ta biyu daga dama, in ɗauki ƙwallo mara nauyi in jefa a hankali. Ta ƙara da cewa, cikin ladabi, irin ƙwallon nawa ba ya shan mai, tura shi yake yi gaba zuwa busasshen wurin da nata ke buƙata, don haka tun ɗazu take matsawa tana gyara tsayuwa saboda ni. Wato ban tsaya ga rashin kawo maki ba, har nata nake ragewa.

Na gode mata sosai. Kuma da na bi shawararta da labarin ya ƙare a nan cikin mutunci. Amma a zagayen ƙarshe aka ce ƙungiyarmu, duk da ni, tana dab da shiga ukun farko, kuma ni ne mai jifan rufewa. Sai shaiɗan ya tuna mini da Jason Belmonte, ɗan Ostireliyan nan da ya ci manyan kambuna 15 yana jifa da hannu biyu ba ya sa babban yatsa, wanda ƙwallonsa ke juyi wajen sau 600 a minti. Na yi lissafi nan take: in gogayya ta yi kaɗan, sai a ƙara juyi, babban yatsana ya riga ya kumbura, hannu biyu ya fi ɗaya. Komai ya dace. Ban taɓa gwadawa ba ko sau ɗaya, amma na kalle shi a bidiyo har na haddace. Na rungumi laba 16 a ƙirji, na ja da baya har ƙarshen dandamali, na waiwaya na tabbatar maiɗakina tana ɗauka, na sheƙo da gudu.

Takalmin bolin an yi tafinsa ne don ya zame, kuma ya zame. Nauyin ƙwallon ya ja ni gaba, dokar Newton ta farko, abin da ke tafiya ba ya son tsayawa. Na ga baƙin layin nan ya wuce ta ƙarƙashina. Ƙararrawa ta yi ƙara. Ƙafata ta dama ta sauka a kan man da na kwana ina karantawa, sai na ji kamar na taka miyar kuɓewa a daɓen siminti. Ƙafafuna biyu suka tashi sama, na ga fitilun rufi, na sauko da baya tim, ƙarar da ta fi duk wadda na yi da ƙwallo a ranar. Hulata ta yi nata wuri, ta gangara ta faɗa kwatar hagu. A daidai ƙuguna kuma na ji wani ɗan sauti da duk mai sa wandon shadda ya sani: zariya ta tsinke. Zauren ya yi tsit. Ƙwallon kuwa, da ya suɓuce daga hannuna, sai ya kama hanya shi kaɗai, sannu-sannu, ba mai tura shi, kowa ya bar kallona ya koma kallonsa. Ya yi tafiyar da ta ishi mutum ya sha ruwa ya dawo. Ya isa. Ya shiga tsakanin 1 da 3. Kwalaben suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya, cikin nutsuwa, 10 ta rage tana tsaye, sai ga wata ta mirgino daga hagu ta ratsa fagen ta dungure ta. Goma cif. Ina kwance a kan mai na ɗaga hannu ɗaya sama, ɗayan yana riƙe da wando, na ce, “Kun gani! Ya gama sulɓi, mirgina zalla yake, shi ya sa bai karkace ba!” Allon ya nuna harafin F. Wanda ya tsallake layi ba shi da ko ɗaya.

Tashi ma wani aiki ne. Duk inda na dafa sai hannun ya tafi. Da rarrafe na dawo, gwiwa biyu da hannu ɗaya, a gaban shugaban tsangaya da mai duba aikina da ya kwana biyu yana tambayar babinsa. Yaron takalman nan ne ya bi ta gefen kwata ya ɗauko mini hula, ya miƙo ta da yatsa biyu tana naso, bai ce uffan ba, wanda ya fi mini ciwo a kan ya yi magana. Bazazzagin kuwa har ƙasa ya durƙusa don dariya, yana share hawaye yana cewa, “Bakano, gogayyar nawa ka samu? Ai yau da bayanka ka auna!” Kafin mu fita daga zauren ya riga ya karɓi bidiyon daga wayar maiɗakina, wai zai adana mini. Kafin mu isa gida an sa shi a zauren WhatsApp na ɗaliban Najeriya, wani ya rage masa gudu, wani ya ɗora masa kiɗa.

Makin da na tashi da shi ba zan faɗa ba, amma 'yata ta fi ni, kuma ta sanar da duk wanda muka haɗu da shi a lif. A gasar ofisoshin Malesiya akwai al'adar ba da kyauta ga wanda ƙwallonsa ya fi ziyartar kwata, har da sarauta, Sarkin Kwata. Ba a yi wata doguwar shawara ba. Shugaban tsangaya ya kira sunana, da cikakken laƙabi, na fito ina ɗingishi, wandona ɗaure da igiyar jakar Kak, aka ɗora mini kambun takarda a kan hular mai naso, aka miƙo mini kwando naɗe da leda mai ƙyalli: biskit, gwangwanin Milo, taliya, da man girki. Aka ce in yi murmushi za a ɗauki hoto. Na yi. A mota maiɗakina ta rungume kwandon ta ce, “Malam, tunda muka yi aure yau ne Fiziks ya kawo abin da za a ci a gidan nan.”

Da bayana ya warke na zauna na duba lamarin da idon basira, na ga ai a fili yake: lissafina bai yi kuskure ko ɗaya ba, ƙwallon ne ba shi da curi. Na roƙi Kak ta raka ni shagon da ake huda ƙwallaye. Mai shagon ya auna tafin hannuna da yatsuna, ya faɗi kuɗin, na yi saurin mayar da shi naira a zuci na ji jiri, na ce ba komai, ilimi ai ba ya tsada. Ya tambayi nauyin da nake so, ya ce gwanayen duniya ma yawancinsu a 15 suke tsayawa. Kak ta ce, “Ba shi 13.” Na jira ta fita amsa waya, na matsa kusa da shi na ce ya huda mini 16.